Ciwon da Ya Zaɓi Shanun Hammadi

Har gobe ban manta da ranar da wata mai tallar nono ta tsaya a ƙofar ofishinmu na Bungudu ba, ta ƙi shigowa, ta kuma ƙi tafiya. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan cewa in ba ku labarin zamanin da, to ga ɗaya. Ku ajiye wayoyinku ku saurara, don ba a littafin makaranta yake ba.

Damina ce, shekara ta biyu da ƙirƙiro jihar Zamfara. Muƙamina a lokacin mataimakin likitan dabbobi, abin da mutanen karkara ke kira malamin dabbobi. Ga wanda bai san tsarin ba, likita yana zaune a Gusau, shi ke da ikon cewa ga sunan ciwo. Mu mataimaka an rarraba mu ƙananan hukumomi, namu shi ne allurar rigakafi, duba nama a mahauta, da zuwa ruga in an kira. Ni Bungudu aka ajiye ni, da babur ɗaya da akwatin allurai, sai ma'aunin zafi da nake ririta shi kamar ƙwai.

Matar dattijuwa ce, sunanta Dije. Da na ga tsayuwar ta yi yawa sai na fita na same ta.

"Inna, lahiya? Ko nonon za ki sayar mani?"

Ta sauke ƙwaryar, ta duba hagu da dama, sannan ta ce, "Malam, shanunmu na mutuwa. Kuma mai gida bai aiko ni ba."

"Nawa sunka mutu?"

"Mu ba mu ƙidaya. Amma in ka zo ka ga wurin kwanansu, ka san an ragu."

Ban yi mamakin amsar ba. Bafulatani ba ya ƙidaya wa ma'aikacin gwamnati shanunsa, tun zamanin jangali aka gada. Abin da ya tsaya mini shi ne cewa mace ce ta zo, a ɓoye. Makiyayi yakan ɓoye maka komai, amma ban da mutuwar shanu. In saniya ɗaya ta kwanta, da kansa zai zo ya tsare ka a masallaci. Na tambaye ta me ya hana mai gidan zuwa, sai ta ba ni labarin a tsaye, tana yi tana gyara faifan ƙwarya.

Mijinta Hammadi yana zaune a wata ruga kusa da Furfuri, inda ubansa ya zauna. Shanunsa ba su taɓa yin nisa ba, in rani ya yi tsanani su gangara fadama su dawo. Yana da ƙane, Yero, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya kwashi nasa rabon gadon tun yana saurayi ya yi kudu, har ya haye kogin Kwara ya zauna ƙasar Borgu. Ya daɗe a can ƙwarai, duk shanun da ke hannunsa haihuwar can ne. A ranin shekarar mahaifiyarsu ta rasu, Yero ya zo gaisuwa, sai Hammadi ya ce masa zaman nesa ya isa haka, ya dawo gida. Yero ya koma ya koro shanunsa, ya iso gab da faɗuwar ruwa.

A al'adarsu, in ɗan'uwa ya dawo ba a ware masa wuri. Shanu su kwana garke ɗaya, maruƙa kuma a ɗaure su a dangwali ɗaya, wato doguwar igiyar nan da ake jera su a kai. Wannan igiya ita ce shaidar cewa gida ɗaya ne. Haka aka yi, aka yi murna, aka yanka rago. Da ruwa ya zauna, manyan kaska suka fito, Yero ya ɗauko galan ɗin maganin wanka da ya saba amfani da shi a kudu yana wanke shanunsa a kai a kai. Hammadi shi da hannu ya saba cire kaska, kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Sau ɗaya Yero ya roƙe shi ya bari a wanke nasa, ya bari don kada ya ƙi ƙanensa. Bayan 'yan makonni shanu suka fara faɗuwa.

"Kuma duk namu na, Malam," in ji Dije. "Na Yero ko tari babu mai yi. Mutane sun ce ruwa ba ya tsami banza."

"Shi mai gida mi yac ce?"

"Bai ce komi ba. Amma ya bar cin tuwo da shi akushi guda."

A nan na gane dalilin da Hammadi bai zo ba. Kiran malamin dabbobi a wurinsa daidai yake da kai ƙarar ƙanensa, kuma kunya ba za ta bar shi ba. Ya gwammace ya zuba ido dukiyarsa ta ƙare.

Washegari da hantsi na tafi rugar, na yi kamar hanya ce ta biyo da ni. Hammadi dogon dattijo ne, mai ƙarancin magana. Ya karɓi gaisuwata, ya dubi akwatina, ya dubi bukkar matarsa, bai tambayi wanda ya kira ni ba. Yero yana can gefe a tsugune, kakkaura ne, ya fi yayan nasa jiki, amma idonsa ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya.

Ban gama gaisawa ba na ga abin da ya kawo ni. Wata farar saniya tana tafiya tana ɗaga ƙafafun gaba sama-sama kamar mai taka ƙaya, tana kewaya wuri ɗaya, tana taunar iska. Can sai ta faɗi a gefe ɗaya, wuya ya sanƙare baya, ƙafafu suna tuƙi, kumfa na fita ta hanci. Hammadi ya zaro wuƙa ya yanka ta kafin ta zama mushe. Na roƙi izini in duba cikinta, ya ɗaga kai kawai.

Da na buɗe ƙirjin, ruwa ne ya tarbe ni, rawaya-rawaya, cike da jakar da ke lulluɓe da zuciya, ga wani kwance a ƙarƙashin huhu. Na san wannan ciwo. Ciwon ruwan zuciya muke ce masa, kuma kaskar nan mai zane a baya, wadda ke son hantsa da ƙarƙashin wutsiya, ita ke kawo shi. Amma sanin nawa shi ne ya ƙara ruɗa ni. Ciwon yakan kashe tumaki da awaki, da shanun Turawa in an kawo su. Saniyar gida da aka haifa a cikin kaskar nan, ta girma tana cizonta, da wuya ya kayar da ita. A shekarun da na yi kafin nan ban taɓa ganin ya shiga garken manyan shanu yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya ba.

Na shiga garken ina auna zafi. Duk wadda na samu da zazzaɓi, in na tambaya, ta Hammadi ce. Na koma kan na Yero, na auna har hannuna ya gaji, lafiya lau, gashi na sheƙi. Wuri ɗaya suke kwana, ciyawa ɗaya, tafki ɗaya. Ni da na yi karatun abin, na tsaya a tsakiyar garke ina jin abin da mutanen ƙauye ke ji, ina cewa a raina anya babu hannu a ciki.

Na yi wa masu zazzaɓin allurar da nake da ita, don in an kama ciwon kafin saniya ta fara kewaye, allura na tashinta. Sannan na yi abin da ƙa'ida ta ce. Ana ɗaukar kan saniyar da ta mutu, a zura ƙaramin cokali ta ramin ƙeya a ɗebo ɗan ƙwaƙwalwa, a murje shi tsakanin gilasai biyu, a bar shi ya bushe. A nan ƙwayar cutar ke ɓuya, ba a cika ganinta a jini ba.

Ina ɗaure akwati a babur sai ga Yero da galan a hannu.

"Malam, kai ka iya karatu. Duba mani wanga. In guba ta, ka hwaɗa mani gaskiya, ni ban iya boko ba, haka anka sayar mani."

Na karanta, na shinshina. Maganin wankan kaska ne na yau da kullum, irin wanda muke da shi a ofis. Na ce masa in da shi ne, da a ranar da aka yi wankan za su fara zubar da miyau suna faɗuwa, ba bayan makonni ba, kuma da nasa ne za su riga mutuwa tunda su aka fi wankewa.

"To ka hwaɗa ma Yaya."

"Zan hwaɗa mashi."

Ya dubi galan ɗin. Sai ya taka zuwa wani rami ya tuttular da shi duka. Na ce masa ya yi ɓarna, shanunsa na bukatarsa. Ya ce ko da ruwan zamzam ne ba zai ƙara taɓa shi ba, tunda shi ya raba shi da akushin yayansa.

Na wuce Gusau kai tsaye. Likitanmu a lokacin, Dokta Lawali, mutum ne mai zafi a kan aiki amma ba ya raina tambaya. Ya rina gilasan, ya sa a madubin ƙara girma, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce in zo in gani. Ga su nan, ƙananan ɗigo masu duhu cunkushe a jikin jijiyoyin jini. Ciwon ruwan zuciya ne, babu tantama.

"Yallaɓai, na yarda. Amma yaya ciwo zai shiga garke shi zaɓi shanun mutum guda?"

Ya tambaye ni daga ina ƙanen ya taho, na ce Borgu. Ya tambayi shekarun da ya yi a can, na ce duk shanun haihuwar can ne. Sai ya jingina da kujera ya ce, "To ai ka ba kanka amsa."

Ga yadda ya bayyana mini, kuma ban taɓa jin wanda ya fi shi sauƙaƙawa ba. Ya ce sunan ƙwayar ɗaya ne, amma iri-iri ce, kamar yadda gero duk gero ne amma kowace ƙasa da irin da take shukawa. Maraƙi in kaska ta cije shi yana ƙarami, yakan sha ciwon sama-sama ya warke, daga nan jikinsa ya san wannan irin. Irin ƙasarsu ya sani, ba na duniya duka ba. Kuma saniyar da ta warke ba ta rabuwa da ƙwayar nan da nan, tana yawo da ita a jiki tana kiwo lafiya lau. Ita kaska da ƙafarta ba ta zuwa ko'ina, a ciyawar da ta faɗo nan take jira. Saniya ce motarta. Duk inda garke ya bi, irin ƙwayar ƙasarsu na biye da shi, ya sauke a mashaya, ya ɗauki wani a burtali. Shi ya sa inda shanu ke yawan haɗuwa za ka tarar da iri barkatai, inda kuma garke ya daɗe a zaune shi kaɗai, iri kaɗan ya sani.

Ya ce shanun Yero sun taho da ƙananan kaska a jiki tun ƙarshen rani, irin waɗanda makiyayi ba ya kulawa da su don ba su kai ƙwayar gero ba. Suka faɗo a garken Hammadi, suka girma da saukar ruwa, suka hau shanun gida ɗauke da irin Borgu. Na Yero sun san shi tun suna maruƙa. Na Hammadi ba su taɓa gamuwa da shi ba.

"Ba ni da na'urar da za ta nuna maka wannan irin Borgu ne, wancan na Furfuri," in ji shi. "Amma in ba haka ba ne, ka zo ka karɓi kujerata."

Na fito daga ofishinsa ina juya maganar a raina. Duk tsawon aikina, saniya mai rama da zawo nake tsarewa a kasuwa, ita nake hana shiga garke. Ban taɓa kawowa a raina cewa mai ƙiba da sheƙi ce za ta shigo da mutuwa ba.

Aka ba ni ƙarin allurai da maganin wanka na koma Furfuri. Na zaunar da su biyun a inuwa ɗaya, abin da Dije ta ce an kwana biyu ba a gani ba, na faɗi duk abin da likita ya ce, har da misalin geron. Na rantse musu cewa maganin Yero ba guba ba ne. Ina magana ina kallon Yero yana ɗan samun numfashi.

Hammadi ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Malam, na ji. Kenan dai tare da shi abin yaz zo."

"Tare da shanu, Baba, ba da saninai ba."

"To in tambaye ka. Ka ce kowace ƙasa da irin nata. Nan ma muna da namu, ko?"

"Akwai."

"Shanunai ba su san namu ba, haihuwar Borgu na. Mi yah hana namu shi kama su? Ko shi ciwon ga ya san mai shanu?"

Na ce wankan da Yero ke yi musu a kai a kai ne ya hana kaskar nan zama a jikinsu. Na san amsar daidai ce, amma ina faɗa ina jin yadda take sauka a kunnensa: maganin da ya tsare na ƙane shi ne aka zuba wa na yayansa suka mutu. Hammadi bai musa ba. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya tashi ya saɓa sandarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na riƙa zuwa kusan kullum ina auna zafi ina allura. Wata safiya na iso na tarar da Yero a durƙushe gaban dangwali yana kwance maruƙansa ɗaya bayan ɗaya. Matansa sun riga sun ɗora kaya a kan shanun dako. Na jefar da babur na nufe shi.

"Yero, tahiyar ga ba ta da amfani! Kaskar ta riga ta zauna cikin haki, ko ka tahi ba ta bin ka. Ba abin da za ta rage."

"Na sani, Malam. Ba don kaska za ni ba. Mutum na kallona kullum, bai ce na yi ba, bai ce ban yi ba. Ban iyawa."

Na juya wurin Hammadi. Yana tsaye ya gitta sanda a wuya, ya rataya hannuwa a kai, yana kallon gabas. Da zai ce masa zauna, kalma ɗayan nan ta isa. Na ce masa, "Baba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ko ƙifta ido bai yi ba. Yero ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, na tahi." Hammadi ya ce, "Sauka lahiya." Rabin dangwali ya rage babu komai a kai, Dije tana bayan bukka tana kuka a hankali.

Kamar yadda na faɗa, tafiyar ba ta tsayar da ciwon ba. Allura da wanka ne suka rage shi, a hankali, bayan garken ya yi raguwar da ko makaho zai lura. Na ɗauka labarin ya ƙare a nan, irin ƙarshen da muka saba gani, ciwo ya wuce zumunci ya bi shi.

Wajen ƙarshen damina, gero ya fara fitar da kai, sai abokin aikina na Tsafe ya aiko direban wata motar haya da saƙo. Wai wani makiyayi da ya sauka gabas da garin shanunsa na mutuwa, ya je da allura an hana shi taɓa ko ɗaya, an ce sai malamin Bungudu. Tun kafin direban ya faɗi sunan na san ko wane ne.

Na isa da hantsi. Abin da na gani a Furfuri shi na gani a nan, har ya fi. Ga fatu sababbi an shanya a kan ƙaya, ga wata saniya tana kewaye, ga biyu sun tsaya sun sunkuyar da kai ba sa kiwo. Na duba hantsarsu, kaska ta yi dam, don tun ranar da ya tuttular da galan ɗin bai sake wanke su ba. Irin ƙasarmu ne ya same su, su kuma ba su san shi ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yero ya taho da sauri ya kama hannuna da hannu biyu. Na shirya yi masa jaje, sai na ga fuskarsa. Dariya yake yi. Ba dariyar zautuwa ba, murna ce sosai, irin ta wanda aka yi wa haihuwa.

"Malam, ka gani? Nawa ma suna mutuwa! Alhamdu lillahi. Irin mutuwar guda ta, na buɗe da hannuna, ruwan na nan ga zuciya."

Na taɓa ganin makiyayi ya suma a kan saniya ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ke nuna mini gawar dukiyarsa yana hamdala ba. Na sunkuya na buɗe akwati don in ɓoye fuskata, na fara haɗa allura. Sai ya dafe murfin akwatin.

"A'a. Ba don allura nik kira ka ba. Tahi ka ɗauko Yaya shi gani."

"Kai Yero! Bari in yi masu, in ya so in tai in ɗauko shi. Waɗanga biyun in sunka kai la'asar ba su tashi."

"In ka yi masu sunka warke, mi za shi gani? Sai shi ce labari na. Ba mai taɓa su sai ya zo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi masa faɗa, na ce dabbobin nan ba su yi masa laifi ba, na ce Allah zai tambaye shi. Na ce ni shaida ne, zan je in rantse da Alƙur'ani. Ya ce ai na rantse a Furfuri, me rantsuwar ta hana. Shanunsa ne, ba ni da ikon yi musu allura da ƙarfi, kuma kowane minti da na ɓata ina gardama daga ransu nake cirewa. Na tayar da babur.

Ban taɓa gudu a hanyar Tsafe zuwa Gusau kamar na ranar ba, ina tafe ina zagin taurin kan mutanen nan biyu. Na samu Hammadi a bakin tafki. Ban yi doguwar gaisuwa ba.

"Baba, shanun Yero na mutuwa, irin mutuwar naka. Ya hana a yi masu allura sai ka zo ka gani."

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. "Ya hana?"

"Ya hana. Tun jiya malamin Tsahe ke roƙo nai."

Dattijon nan da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ya jefar da sanda, ya hau bayan babur ko hula bai koma ɗauka ba. Duk tsawon hanyar ina jin yatsunsa sun nutse a kafaɗata.

Mun isa bayan la'asar. Biyun da na bari a tsaye, ɗaya an riga an yanka, ɗaya tana ƙasa tana tuƙi da ƙafafu. Babbar saniya ce, uwar garke, wadda sauran ke bi. Da an yi mata allura da hantsi da ta tashi, wannan na sani, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Yero ya tsaya gefe bai matso ba. Hammadi ya tsuguna a kanta ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro wuƙarsa ya yanka, ya buɗe ƙirjin da kansa. Ruwan ya kwararo masa a hannu.

Ya miƙe, hannun na ɗiga, ya daka mini tsawa. "Malam, mi kaka jira? Yi masu allura!"

Sannan ya juya ga ƙanensa.

"Kai mahaukaci na? In ka bari sunka ƙare, da mi za mu koma gida?"

Yero ya durƙushe inda yake ya rufe fuska da riga. Ni kuwa na shiga garke da allura, ina sauri har sai da na soki kaina.

Yanzu ku kuna da na'urorin da ke karanta asalin ƙwayar cuta, su ce wannan daga kudu ta taho, waccan ta gauraya da ta arewa a hanya. Na ji daɗin haka, don abin da Dokta Lawali ya hango da hankali ku kuna ganinsa da ido. Amma ku riƙe abu biyu daga tsoho. In garke ya taho daga nesa, ƙibarsa ba shaidar komai ba ce, a ware shi a wanke shi kafin ya kwana da na gida, kuma ku nemi yadda za ku faɗi haka ba tare da mai gida ya ji kun ce ya kori ɗan'uwansa ba. Na biyu, ku daina ɗauka cewa babu abin da makiyayi ya fi so kamar saniya. Ni ma haka na ɗauka, sai da na ga mutum ya tsaya yana kallon uwar garkensa tana mutuwa, allura na cikin akwatina, don kawai yayansa ya yarda da shi.